Tabon Lu'ulu'u

Mu 'yan ajin kimiyya an koya mana cewa lu'ulu'u kabon ne zalla. Ashe wani lokaci ƙwayar naitirojin takan kutsa ciki, ta zauna gefen gurbi. A 2015 masana a Jami'ar Kalifoniya, Amurka, suka haska wa irin wannan tabo koren haske, suka haɗa da maikurowef. Sai cibiyoyin kabon-13, masu juyi kamar katantanwa, suka karkata gefe guda da rinjayen kashi 6 cikin 100, ba tare da sanyaya dutsen ba.

Me ya shafe mu? Na'urar MRI da irin wannan jeruwa take ganin cikin jiki, amma 'yan ƙalilan cikin miliyan take samu, sai da ƙaton maganaɗisu mai tsada. Majinyacinmu daga Wurno, Rabah ko Goronyo sai an kai shi Sakkwato, wani ma sai an sayar da albasar gida.