Lahadinmu a Birik

A gidan hayar da na tashi a Briqueterie, wato Birik, mu kaɗai ne Kirista. Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya sauko da mu daga Ngaundere jim kaɗan bayan layin dogo ya isa can a 1974. Da ya nemi ɗaki a Yawunde aka ce masa ya tafi Birik, can ne ɗan arewa ba ya kwana da yunwa. Asalin sunan wurin Ekoudou, masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa ce ta ja masa sabon suna, amma mu dai abin da muka tarar shi ne jar ƙasa, ƙarar kekunan ɗinki da hayaƙin suya.

Ba mu taɓa mallakar agogo mai ƙararrawa ba. Ladan ne ke tashin Inna. Ran Lahadi da an kira asuba sai ka ji tana hura gawayi, ƙamshin dutsen guga ya gauraya da na ƙosan maƙwabciyarmu. Wanka da ruwan sanyi, man shafawa har goshi na ƙyalli, sannan takalmin da ake saya da girma don ya kai Kirsimeti biyu. Kuɗin baiko kuwa, dala biyar-biyar, Inna ba ta damƙa mana sai a bakin majami'a. Ta san hanyar ta bi ta gaban masu fanke, ta kuma san 'ya'yanta.

Majami'armu ta 'yan Luther ce, yawancinmu 'yan Adamawa. Ana wa'azi da Faransanci, a rera da Fulatanci ko Gbaya, Inna kuma na bi da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya sha faci. Rufin kwano ne. Idan ruwan Oktoba ya sauko, sai dai ka ga bakin fasto na motsi, mu yara muna murna a ɓoye. Ba zan ce na riƙe wa'azi ko ɗaya daga waɗancan shekarun ba. Abin da na riƙe shi ne kowa yana da bencinsa, kuma idan benci ya zauna wayam, kafin la'asar 'yan zumuntar mata sun iso ƙofar mai shi da kwanon abinci. Da zazzaɓi ya kwantar da Baba, haka suka cika mana tsakar gida, matan gidan suka shimfiɗa musu tabarmi, ana ta gaisuwa ba a tambayi addinin kowa ba.

Babban mai tsaron Lahadinmu ma ba fasto ba ne. Wani tsohon tela ne a bakin layinmu, wanda sahun farko bai taɓa wuce shi ba. Lokacin ƙungiyar ƙwallon Canon na tashe, ta ci kofin Afirka a 1978 da 1980, yayana ya ƙirƙiro ciwon ciki na ran Lahadi, mai warkewa daidai lokacin tafiya filin Omnisports. Tsohon ya hango shi yana leƙe, ya ɗaga ƙafa daga keke.

"Kai ɗana, yau ba Lahadi ba ce?"

"Ita ce, Baba."

"To me kake yi a nan? Ni kiran salla biyar nake amsawa kullum. Kai sau ɗaya a mako ake kiranka, shi ma sai an yi ciniki?"

Ya kuma ce ba zai taɓa rigar Kirsimetinsa ba sai ya ga ƙurar hanyar majami'a a takalminsa. Ciwon bai sake tashi ba.

Wani lokaci Inna kan bar mu mu bi maƙwabtan Katolika zuwa Ndzong-Melen, inda ake sujada da harshen Ewondo da kiɗan balafon, mata na rausaya har gaban bagade. Ta ce kallo za mu je, sai mun fara zuwa tamu. Da Fafaroma John Paul na Biyu ya zo a Agustan 1985, har almajiran telan sun rufe shago sun bi mu ganin ayari.

Bayan dokar 'yancin ƙungiyoyi ta 1990 majami'u suka yawaita, kowane lungu da lasifikarsa, mutane suka koyi sauya benci ba sallama. Su Inna sun tafi, telan ma ya riga su. A Warda, gefen unguwar, yanzu katafaren zauren wasannin da 'yan Sin suka gina ne ke tsaye. Annobar 2020 ta koya wa jikokina sujada ta waya, suna kwance, kuma ba su ga dalilin daina ta ba. Ba na faɗa da su, wa'azin da suke ji ya fi namu tsari. Na dai tambayi babbar cikinsu wa zai kawo mata kunu idan ta kwana biyu ba ta kunna ba. Ta yi dariya ta ce, "Kaka, ai ana aikowa da babur."