Danna ɗaya, lissafi uku

Bara, lokacin da nake tattara bayanai don kundin kammala karatuna, na so in gwada yadda kunnen Bahaushe ke raba gajeren wasali da dogo. Na ɗauki "gari" na mutane da "gari" na tuwo. Ƙanena, mai karatun lantarki, ya haɗa mini ɗan akwati da Arduino da maɓalli biyu. Mutum ya saurari kalma, ya danna wanda ya ji, kwamfuta ta rubuta.

Kwana uku ina aiki da tsofaffin unguwarmu a Zinder. Da na buɗe sakamako sai na ga abin mamaki. Innata, wadda na gani da idona ta danna sau ɗaya, an rubuta mata uku. Wallahi har na fara tsara bayani cewa tsofaffi suna kokonto, shi ya sa suke maimaitawa. Saura kaɗan in miƙa wa malamina wannan ƙarya.

Na kira ƙanena. Ya yi dariya, ya ce: "Yaya, ba Inna ba ce, ƙarfe ne."

Ashe cikin maɓalli ƙarafa biyu ne. In sun haɗu ba sa zama nan take, sai su yi ɗan tsalle, su taɓa su rabu, na ƴan kashi cikin dubu na daƙiƙa. Yatsa bai sani ba. Amma agogon Arduino Uno yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, don haka kowane tsalle sabon dannawa ne a wurinsa.

Gyaran bai kai layi goma ba. In maɓalli ya canza, shirin ya duba lokaci da millis, kada ya yarda sai yanayin ya zauna na milisakan 50. Ya ce ana iya sa kwandansata ta shanye tsallen, amma ba mu da ita.

Nan na tuna darasin furuci. A "r" mai gare, harshe kan bugi hanƙa fiye da sau ɗaya, kunne ya ji baƙi guda. Sai dai jiran ma yana da iyaka: in ya yi tsawo, dannawa biyu na gaskiya za su koma ɗaya, kamar a ce "kunna" a rubuta "kuna".

Na koma gida-gida na sake gwajin. Inna ta karɓi akwatin, ta ce: "To, wannan karon ya koyi ji?"