Hunturu a Bakin Kwara

Idan girbi ya ƙare, hazo ya lulluɓe Tumbutu ta ƙasar Malanbil, sai ƙafa ta nemi yawo. Mukan ɗauki yara mu nufi babbar kasuwar Malanbil, inda Hausa da Dandanci da Fulatanci ke gauraya tsakanin buhunan albasa da shinkafa. Daga nan mu gangara bakin Kwara. Abin mamaki, a tsakiyar sanyi ne kogin ke cika, domin ruwan da ya sauka a duwatsun Gini da damina sai yanzu yake isowa.

Da maraice, ganga takan kira samari filin kokawa. Dattawa na jin ɗumi, suna sauraron gasar Takobin Nijar a rediyo, wadda aka fara a 1975.

A 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, har ziyarar dangi ta koma ta kwalekwale. Mun ga yaran da suka manta fuskar kakanninsu. Iyaye, kada hunturun bana ya wuce ba ku kai su gaida dangi ba. Zumunci a ƙafa yake.