New Echota: Garin Da Aka Raba Da Mutanensa

Uwargida, idan Allah Ya kai ki birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka, ki ware wuni guda ki nufi arewa. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota za ta kai ki kusa da garin Calhoun, inda za ki tarar da fili mai ciyawa da 'yan gidajen katako a warwatse. Sunan wurin New Echota. Shirunsa zai sa ki ɗauka ƙauye ne da bai taɓa yin suna ba, alhali a 1825 aka mai da shi babban birnin Cheroki, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawa suka tarar a ƙasar.

Ki fara da ɗakin ɗab'in da aka sake ginawa. Wani mutum mai suna Sequoyah ne ya ƙirƙiro wa harshensu baƙaƙe, ya kammala a 1821, kuma a 1828 aka fara buga jaridarsu, Cherokee Phoenix, a garin nan cikin harshensu da Turanci. Kusa da shi akwai kotu da majalisa, don tun 1827 suna da rubutaccen tsarin mulki. A al'adarsu ɗa na dangin uwarsa ne, gida kuma na mace ne. Shi ya sa a 1817 matansu suka aika wa shugabanninsu koke cewa kada a sake sallama ko taƙi ɗaya na ƙasa.

Ba a daɗe ba aka gano zinariya a yankin Dahlonega, cikin ƙasarsu. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasa zuwa yamma. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1832 cewa dokokin Jojiya ba su da iko a ƙasar Cheroki, amma a shekarar nan jihar ta shiga raba gonakinsu ga fararen fata ta hanyar ƙuri'a, masu gonakin suna ciki. A Disambar 1835 wasu 'yan tsiraru suka sa hannu a yarjejeniya a New Echota, suka sallama ƙasar a kan dala miliyan 5. Babban shugabansu John Ross bai amince ba, ya kai koke mai sunayen mutum wajen 15,000, amma aka yi biris da shi.

A 1838 sojoji suka bi gida-gida. Ki ƙaddara kina tsakiyar girki aka ce ki ɗauki goyonki ki fita. Aka tsare su a sansanoni cikin zafi, inda ƙyanda da tari da atuni suka yi ta ɗaukar yara. Daga nan mutum wajen 16,000 suka nufi inda ake kira Oklahoma yanzu, akasarinsu a ƙafa, tafiyar fiye da kilomita 1,000 cikin hunturu. An ƙiyasta kimanin 4,000 sun rasu, har da matar John Ross. Wannan tafiya ce ake kira Hanyar Hawaye.

Kada ki juya gida tukuna. Tafiyar kamar rabin awa gaba, kusa da Chatsworth, akwai gidan bulo mai bene da attajirin Cheroki James Vann ya gina a 1804. Bayi baƙaƙen fata ne suka yi bulon, su ne suka noma gandun. Ɗansa Joseph ya mallaki bayi fiye da 100 kafin a ƙwace gidan a kore shi. Ƙidayar 1835 ta nuna bayi kusan 1,600 a hannun Cheroki, ko da yake yawancin gidaje ba su da bawa. Waɗannan bayi ma sun bi iyayengijinsu yamma, suna dakon kaya, suna jinya, kuma da suka isa ba su sami 'yanci ba. A 1842 wasu daga gandun Joseph Vann suka tsere suka nufi Meksiko, aka kamo su.

Cheroki sun haramta bauta a 1863, yarjejeniyar 1866 kuma ta bai wa 'yantattun bayin da zuriyarsu haƙƙin 'yan ƙasa. Duk da haka a 2007 aka yi ƙuri'ar cire jikokinsu daga rajista. Sai a 2017 wata kotun tarayya ta tabbatar musu da haƙƙinsu, a 2021 kuma kotun ƙolin Cheroki ta goge sharaɗin jini daga tsarin mulkinsu.

Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Ƙasar Hausa ta san rinji da kuyangi da cucanawa, ta kuma ga zuwan Turawan mulkin mallaka, har yau akwai gidajen da ake fasa aure saboda an ce wane jinin bayi ne. Gidajen nan biyu na Jojiya suna nuna cewa wanda aka zalunta shi ma yana iya danne wani, kuma hawayen ɗaya ba ya wanke haƙƙin ɗayan. Ranar da ɗanki ya tambaye ki tarihin gidanku, uwargida, ki ba shi har da ɓangaren da ba a so a faɗa.