Ragon Innata da Lissafin Harawa

Duk wanda ya tashi a Magami, ko wani gari na ƙasar Gusau, ya san da wuya ka shiga gida ka rasa turke. In babu rago, to akwai tunkiya ko jar akuya. Mu a gidanmu turken Innata yana gindin katanga, kusa da madafa. Da kuɗin ragunan da suka bi ta turken nan aka saya mini littattafan sakandare, da su kuma aka biya mini kuɗin rajista shekarar da na shigo jami'a. Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka ji ina maganar rago, to maganar karatuna nake yi.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata gardama da muka yi da abokin kwanana, wanda ke karatun aikin gona. Ina cikin yabon kiwon Inna sai ya ce da ni, "Ka taɓa lissafa abin da ragon ke ci?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce to ai ban san ko riba ake ci ko faɗuwa ake yi ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da na je gida cikin Nuwamba 1 ga wata ko bayanta kaɗan, a shekarar 2023, na tarar Inna ta sayi ɗan rago a kan naira 60,000. Sai na sami littafi na ba ƙanwata, na ce duk kwabon da aka kashe a kansa ta rubuta.

Da Inna ta gan mu da littafi sai ta ce, "Mi kuka rubutawa?" Na gaya mata. Ta yi dariya ta ce, "Yau ga rago ya shiga boko."

Da farko abin ya zo da sauƙi, don kuwa akwai harawar gyaɗa da ta wake daga 'yar gonarmu ta bayan gari, ga kuma dusar da ake samu wajen surfe. Amma kafin watan Maris ya ƙare harawar gida ta ƙare ƙaf. Daga nan fa sai saye, ga shi kuwa lokacin ne ɗaurin harawa ke tsada kamar magani. Aka yi ta saye har aka kai ga Babbar Salla, wadda ta faɗo ranar 16 ga Yuni, 1445 ta Hijira, watau 2024. Aka sayar da rago naira 170,000, gida ya cika da murna. Ni kuwa da na buɗe littafi sai jikina ya yi sanyi. Harawa da dusa da ƙowa sun ci 75,000, magani da kanwa 5,000, dillali ya karɓi la'adar 3,000. In ka haɗa da kuɗin sayensa, abin da ya rage 27,000 ne kacal, ladan wahalar wata bakwai, ban da ɗiban ruwa da shara.

Na kai wa Inna lissafi ina jin kaina wani masani. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "To kai ɗan boko, takin da anka kai gona fa, ka rubuta shi? Kuma da na aje dubu sittin ɗin ga cikin ɗaka, kana tsammanin da yanzu akwai ko kwabo? Ga suna, ga biki, ga ciwo." Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Rago asusu ne wanda ba a fasa shi don ƙaramar bukata. Har wa yau, bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 darajar naira ta zube, wanda ya ajiye takarda ya yi asara, wanda ya ajiye dabba kuwa kuɗinsa sun bi kasuwa sun tashi.

Duk da haka lissafina bai faɗi banza ba, don ya nuna inda kuɗin ke zurarewa, watau wajen harawar bazara. Dalilan tsadarta kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, Sallar Layya tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan kuwa watannin turke suna faɗowa ne daidai lokacin da ciyawa ta ƙone, rumbuna suka yi ƙasa. Na biyu, kuma mafi ciwo, rashin zaman lafiya. Dattawanmu kan ba da labarin yadda a da ake sakin dabbobi su yini a daji su komo da kansu. Yanzu ɓarayin daji sun hana, kowa ya ɗaure tasa a gida, gonakin nesa kuma da yawa ba a noma su. Masu neman harawa sun ƙaru, masu kawo ta sun ragu. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da Gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi saboda tsaro, mai rago ya rasa inda zai kai shi, alhali kuwa bakin rago bai san an rufe kasuwa ba.

Da na komo makaranta abokina ya bayyana mini abin da masu bincike suka gano, irin na Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya. Karan dawa cika ciki kawai yake yi, sinadarin gina jiki da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, harawa kuwa ta ninka shi. Amma ba sai an jibga wa rago harawa tsantsa ba. In aka daddatsa kara, aka auna harawa da dusa aka haɗa masa, zai yi ƙiba, kuɗi kuma su ragu. A fara ba shi maganin tsutsar ciki, don kada a yi ta ciyar da tsutsa. A ajiye harawa a inuwa, don rana da iska na kakkaɓe ganyen, amfanin kuwa a ganyen yake. Sa'an nan kimanin wata uku ya isa turke, abin da ya wuce haka ci ne mai yawa, ƙari kaɗan.

Da kakar 2024 muka gwada. Maimakon rago, Inna ta zuba kuɗinta a harawa da ƙowa tun suna araha, muka kafa rumfa muka adana. Ba ta sayi rago ba sai farkon Maris, aka sayar da shi kafin Sallar 6 ga Yuni, 2025. Ribar ta fi ta bara nesa ba kusa ba. Amma kada in yi wa kaina kirari, don a watan Mayun shekarar Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da dabbobi, raguna suka yi tsada a kasuwanninmu. Abin da na tabbata shi ne, ba mu sayi ɗaurin harawa ko ɗaya da tsadar bazara ba. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ribar rago tun da kaka ake ƙulla ta.

To, 'yan'uwana ɗaliban Hausa, ga inda maganar ta shafe mu. Wannan ilmi yana nan jibge cikin Turanci a ɗakunan karatu, masu turke kuwa, galibinsu iyayenmu mata, ba su jin Turanci. Wa ya fi mu cancantar juya shi zuwa Hausa mai sauƙi, a karanta a rediyo, a faɗa a tsakar gida? In mun je kuma, kada mu tafi da girman kai irin nawa, don Inna ta san abin da littafina bai sani ba. Littafin nan dai har yanzu yana hannun ƙanwata, kuma yanzu Inna da kanta kan ce, "Ke, ɗauko takardar ga ki rubuta."

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a turakun iyayenmu, amin.