Tauraron Da Ya Ƙaryata Alƙalaminmu

Lokacin da muke yara, idan zafin bazara ya kore mu daga ɗaka, mukan shimfiɗa tabarmi a tsakar gida mu kwanta rigingine muna kallon sama. Wani dare sai mu ga wani ɗan tauraro ya ratso tsakanin 'yan'uwansa yana tafiya sannu a hankali, ba ya ƙyaftawa, ba ya faɗuwa, har ya ɓace. Kakarmu takan ce mu daina nuna shi da yatsa, na Turawa ne, leƙen asirin mutane yake yi. Mukan yi dariya a ɓoye. Sai da furfura ta fara fito mana muka gane ashe tsohuwa ba ta yi nisa da gaskiya ba. Leƙen dai ana yin sa. Abin tambaya shi ne, wa ake nuna wa abin da aka gano?

Dalilin wannan rubutu wata 'yar kunya ce da muka sha, muka ga ya kyautu mu faɗa wa 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Shekarun baya mun taɓa rubuta wani gajeren labari a kan ƙauyen kakanninmu na wajen uwa, can ƙasar Magarya a jihar Damagaram. Da idonmu muka ga abin da farin 1984 ya yi wa wannan wuri: rumbuna wayam, shanu sun zube, gonaki fili fetal babu inuwar da jaki zai fake. Da wannan hoto a zuci muka zauna a birni muka rubuta cewa hamada ta gama cinye ƙauyen, saura kufai. An yaba wa labarin, mu ma muka yi ta jin daɗi. Ba mu koma mun duba ba.

Kwanan baya sai ga wani ɗan ƙanenmu da ya karanta ilimin labarin ƙasa ya zo gaishe mu da kwamfutarsa a jaka. Ya ce, "Baffa, na karanta labarin nan naku, amma ina so ku ga wani abu." Ya buɗe mana hotuna biyu na wuri ɗaya, duka an ɗauke su daga sama da rani. Na farko na shekarun fari ne, dishi-dishi, ƙasa ja wur kamar an share ta da tsintsiya. Na biyu na kwanan nan ne, ga ɗige-ɗige kore ko'ina cikin gonaki kamar an watsa gero. Muka ce, "Kai yaro, kore da rani?" Ya ce, "Gawo ne, Baffa." Nan take muka tuna halin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman abin ci. Gani ya kori ji. Muka yi shiru.

Ashe tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka daina sare tohon itatuwan da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu. Sai su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Manomi ya san abin da ya yi a gonarsa, amma bai san yawan waɗanda suka yi irin nasa ba. Sai da masana suka jera tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, suka kuma taka ƙasa suka ƙirga, sannan aka ƙiyasta cewa abin ya kai kadada wajen miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200. Talakawa sun yi aikin da ya fi ƙarfin gwamnatoci, mu kuwa muna birni muna yi musu makoki.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yadda yaron ya samu hotunan. Ko kwabo bai biya ba. Da can ba haka abin yake ba. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma tun daga lokacin jerin waɗannan taurari ke ɗaukar hoton doron ƙasa. Na yanzu kowannensu yakan komo kan wuri ɗaya duk bayan kwana 16. Amma a shekarun 1980, da aka miƙa cinikin hotunan ga 'yan kasuwa, kuɗin hoto ɗaya ya kai dubban daloli. Ke nan a daidai lokacin da yunwa ke cin ƙasashenmu, hoton gonakinmu yana can a ajiye, malamin jami'a na Kano ko na Yamai ba shi da halin sayensa. Ƙasar Burazil ce ta fara nuna hanya a 2004, ta ce hotunan tauraron da ta haɗa gwiwa da ƙasar Sin suka harba kowa ya ɗauka kyauta. A 2008 Amurka ta buɗe rumbun Landsat gaba ɗaya. Tarayyar Turai ta biyo baya da taurarinta na Sentinel daga 2014, su ma kyauta. Ta wannan ƙofa ɗan ƙanenmu ya shiga.

Kada mai karatu ya ɗauka alheri ne kawai irin na mai kuɗi ga almajiri. Larura ce ta sa. Iska da ruwa da fara ba su san kan iyaka ba, ba sa tsayawa a nuna fasfo. A 2012 da aka saki ruwan madatsar Lagdo a Kamaru, kogin Binuwai ya ɗauko shi har ya haɗu da na Kwara a Lakwaja. Ambaliyar wannan shekara ta raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu a Nijeriya, aka kuma sake ganin irinta a 2022. Tafkin Cadi, wanda ƙasashe huɗu ke sha daga gare shi, ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000 a farkon shekarun 1960, fari ya matse shi ya koma ɗan kaɗan a shekarun 1980. Hotunan sama ne suka nuna wa duniya wannan, su ne kuma daga baya suka nuna cewa tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa bayan farin farkon shekarun 1970 ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 don lura da ruwan sama da amfanin gona. Shi ya sa kuma a shekara ta 2000 hukumomin sararin samaniya suka ƙulla yarjejeniyar bai wa duk ƙasar da bala'i ya auka wa hotuna ba tare da biya ba.

Mu ma mun taɓa zuba namu a wannan asusu. A 2003 Nijeriya ta harba NigeriaSat-1, wanda ya yi aiki cikin wani rukunin taurari tare da na Aljeriya da Turkiyya da Birtaniya da Sin. Da guguwar Katrina ta afka wa Amurka a 2005, hotunan wannan tauraro namu na cikin waɗanda aka yi amfani da su. Tauraron ya daɗe da gama aikinsa, amma darasin yana nan: yau gare ka, gobe ga ɗan'uwanka.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. An buɗe rumbu, sai dai mabuɗin na hannun mai jin Turanci ko Faransanci, mai wutar lantarki, mai kuɗin intanet. Hoton da ya nuna ruwa na tahowa, in bai zama magana a bakin mai unguwa ko a gidan rediyo da harshen da mai gonar fadama ke ji ba, bai ceci kowa ba. Sa'annan hoto ba ya faɗin dalili. Ya nuna mana gawo, bai gaya mana wace ce ta hana ɗanta sare shi ba, ko wace rigima aka yi da makiyayi a kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na sama kuwa rufin kawai yake gani. Tsakanin su biyun akwai wani fili da babu kowa, kuma a ganinmu nan ne gonar marubucin Hausa.

Saboda haka muke roƙon 'yan'uwa, kafin mu rubuta cewa wuri ya mutu, mu nemi wani yaro mai ilimin abin ya nuna mana yadda yake daga sama, sannan mu shiga mota mu je mu tambayi mutanen wurin. Mu ƙirƙiro wa wannan ilimi kalmomi da Hausa, mu sa shi cikin labari da wasan kwaikwayo yadda zai shiga kunne.

Mu dai mun ɗauki niyya, in Allah Ya kai mu kaka, za mu koma ƙasar Magarya mu zauna a gindin gawon da muka rubuta cewa babu shi, mu nemi afuwar dangi, mu sake labarin daga farko. Allah Ya jiƙan kakarmu, Ya kuma tsare alƙalumanmu daga faɗin abin da ba mu gani ba, amin.