Facin da aka hana shafewa

A Chantilly, cikin jihar Bajiniya ta Amurka, cibiyar Udvar-Hazy ta gidan tarihin Smithsonian tana da wani makeken ɗakin gyara da baƙo ke iya leƙawa ta gilashi daga bene. Nan aka kai wani jirgin yaƙi ƙirar B-26 mai suna Flak-Bait a 2014, gunduwa-gunduwa. An ƙera shi a 1943, ya kai hari fiye da sau 200 a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma babu jirgin Amurka da ya kai shi yawan fita a wancan yaƙin.

Abin da ke fara kama ido shi ne faci, sun haura 1,000. Duk inda ɓarɓashin harsashi ya huda, sai makanikai su yanko ɗan fallen alminiyam, su danne ramin, su bi gefensa da ƙusoshi, jirgi ya koma sama. Wani facin bai kai tafin hannu ba. A gefen hancin kuwa an jera zanen ƙananan bama-bamai, kowane ɗaya na fita guda.

Da mai gyaran bodin mota aka danƙa wa shi, da tuni ya buga lotsawar, ya goge, ya yi feshi ya fito fes. Masu adana shi akasin haka suke yi. Da auduga a bakin tsinke suke share ƙura, inda fenti ya ɗago a shafa ɗan gam a ƙarƙashinsa a kwantar da shi. Ni dai ina ganin sun yi daidai, don sabon fenti ko'ina ana samunsa, wanda ya sha hayaƙin 1944 kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.

Ba kowane jirgi ke samun wannan gata ba. Wani jirgi mai suna Memphis Belle ya yi shekara da shekaru a waje a birnin Memphis, ruwa da rana da masu ɗan hali suka yi masa illa, dole aka sake masa fenti kafin a baje shi a Dayton a 2018.

Shi ma Flak-Bait bai tsira sarai ba. Daga 1976 zuwa 2014 hancinsa yana ajiye a Washington inda hannu ke kaiwa, wannan ya shafa, wancan ya shafa, har fentin wani wuri ya sale, ƙarfe ya fito yana ƙyalli.